Inda muka kai Umma hoton muƙamuƙi a Wuse 2, abinda ya burge ni da abinda ya ɓata min rai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayata inda aka yiwa Umma hoton muƙamuƙi da ko wurin ya ci kuɗinsa, ga bayanin nan gaba ɗaya kowa ya karanta. Wani asibitin haƙori ne mai zaman kansa a Wuse 2, ɗakin hotonsu yana ƙasa ɗakunan likitoci suna sama. Bazan kira suna ba dan akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo bane, ni kuma ba talla nake musu ba, ba kuma kasuwa nake so in kashe musu ba. Hotonsu mai kyau ne wallahi, likitan da ya zauna damu ya san aikinsa, amma daga teburin karɓar baƙi zuwa ranar karɓar sakamako akwai gyara ba kaɗan ba.

Umma ta haura shekara 60. Ciwon ya faro mata ne a gaban kunnen hagu, daidai wurin da in kika ɗora yatsa kika buɗe baki zakiji wani abu yana motsi a ƙarƙashin fata. Ita da bakinta cewa take kunnena ke ciwo, aka yi ta ɗiga maganin kunne na kemis ba wani canji. Abinda ya fara ɗaga mana hankali shine ta ajiye goro, mutumiyar da ko koko bata sha ba sai ta ɓantari goro, sannan ganda in an saka a miya sai kaga ta tsame ta tura gefen kwano, in hamma tazo mata kuwa sai ta tallabe haɓa da hannu tana salati. In kina zaune kusa da ita tana tauna har ƙarar zaki ji, wani garas-garas, ba irin ƙas ɗin nan guda ɗaya da muƙamuƙin mutane da yawa ke yi ba. Likitan kunne ya leƙa yace kunne ƙalau yake, ya tura mu wajen likitan tiyatar baki da muƙamuƙi. Shi wannan ya ɗora yatsunsa gaban kunnuwanta biyu yace Hajiya buɗe min a hankali, ya auna da ɗan ma'auni daga haƙoran sama zuwa na ƙasa, buɗewar bata kai milimita 35 ba alhali yawancin manya suna kaiwa 40 zuwa sama, wato kusan yatsun mutum uku a jere. Ya kuma nuna min yadda haɓarta ke karkata hagu in tana buɗewa. Aka yi hoton OPG, wanda ke fito da haƙora duka a shimfiɗe a takarda ɗaya, ya duba yace yana ganin alama amma bai ishe shi ba, ya rubuta mana CBCT na gaɓar muƙamuƙi duka ɓangare biyu.

Dalilin da OPG bai isa ba, shi hoto ne shimfiɗaɗɗe, ƙasusuwan gindin ƙoƙon kai suna hawa kan gaɓar su rufe wani sashe, kuma yana ɗan karkata surar abu, sai lalacewar tayi yawa yake nunata da kyau. CBCT kuma na'urar zagaye kan mutum take tana ɗauka ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa ta fito da ƙashin ta yadda za'a iya juya shi a kalle shi ta gaba ta gefe ta sama, a kuma yanka shi siriri-siriri ƙasa da milimita 1. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara amfani da irinta a aikin haƙori, daga Italiya da Japan na'urorin farko suka fito. Hasken eksiren da take bayarwa ya fi na OPG amma yawanci bai kai na babban CT na asibiti ba, shi yasa ba abu bane da za'a ce mutum yaje ya yi dan kawai yana da kuɗi.

Toh mu zo kan wurin. Daga Kubwa muka taso da safe, go-sulon hanya kowa ya san shi, muka isa wurin ajiye mota ƙarami ne, mai gadi ya taimaka muka samu lungu. Ciki tsaf, sanyin na'ura har yayi yawa sai da na rufa wa Umma mayafina a kafaɗa. Matsalata ta farko da yarinyar da ke teburin gaba ce. Bata jin Hausa, wannan ba laifi bane Abuja muke, amma tsohuwa ta shigo ta gaishe ki ko ɗagowa baki yi ba idonki na kan waya, wannan ba maganar yare bace. Kuɗin da aka faɗa min a waya kuma ba shi na tarar ba, ashe na ɓangare ɗaya suka faɗa, gaɓa biyu kuɗi ya ƙaru, rubuta sakamako ma da nashi kuɗin daban. Ni ban ƙi a caje ni ba, na'urar nan ba araha gareta ba ga dizal ga ma'aikata, amma a faɗa wa mutum gaskiyar jimla tun yana gida, dan akwai wanda daga Nyanya ko Gwagwalada zai taho da kuɗin da ya ƙirga daidai, in yazo aka ƙara masa sai dai ya juya. Inshorar lafiya sunce basa karɓa a kan wannan hoton, tiransifa ko POS kawai. Ban rubuta adadi anan ba da gangan, yanda kaya ke tashi kafin wata ta karanta ya canza, ki kira ki tambaya kuma ki ce musu ɓangare biyu harda rahoto.

Ɗakin hoton shine inda raina ya fara sanyi. Wani saurayi ne ke aikin, ɗan Filato ne inaga daga jin Hausarsa, yana ganin Umma ya miƙe yace sannu da zuwa Mama, ya jikin, tace da sauƙi ɗana. Yace duk wani ƙarfe daga wuya zuwa sama sai an cire, ɗan kunne, sarƙa, tabarau, fil ɗin mayafi, ribom mai ƙarfe, haƙoran roba in akwai. Ɗan kunnen Umma na gwal ne mai murɗi wanda ya shekara da shekaru ba'a kwance ba, murɗin ya ƙame, nayi nayi yaƙi, shi kuma ya tsaya gefe bai matsa ba bai kuma nuna gajiya ba, ya kawo min ɗan auduga da man shafawa har ya kwance. Umma tace to haƙorin Makka fa, shima cirewa za'ayi? Yace a'a Mama, naki a gaba yake, zai yi ɗan walƙiya a hoton amma nesa yake da inda muke nema, ɗan kunnen ne dole dan shi a kan gaɓar yake zaune, in aka barshi haskensa zai share wurin. Ɗankwali kuma yace ta barshi tunda yadi ne zalla. Wannan ya mata daɗi sosai dan tun a mota take damuwa ko za'a ce ta buɗe kai gaban namiji.

Na'urar a tsaye ake yinta amma ya kawo mata kujera tunda gwiwa ma ba lafiya ce da ita ba, ya sauke na'urar daidai tsayinta, ta ɗora haɓa kan wani ɗan roba, ya ɗaure goshin da maɗauri mai laushi, wani jan haske siriri ya fito a fuskarta yana daidaita shi a tsakiyar hanci da gaban kunne. Yace Mama ki haɗa haƙoranki na ciki yanda kika saba, kar ki cije da ƙarfi, kar ki haɗiye yawu, kar ki bi na'urar da ido, in kinji tana zagayawa ki yi ta salatinki a zuci. Ni yace in fita, kafin nan ma sai da ya tambaya ko ina da juna biyu. Ta gilashi na hango hannun na'urar ya zagaye kanta, bai kai minti ɗaya ba an gama. Ya duba a kwamfuta ya tabbatar bata motsa ba kafin ya kwance ta, dan motsi kaɗan yana dusashe bakin ƙashin, kuma bakin ƙashin shine abinda aka zo gani. Abu ɗaya da zan ce su gyara anan, babu ma'aikaciya mace a ɗakin, babu kuma inda za'a ajiye gwal, da Umma ita kaɗai taje ban san wa zai kwance mata ɗan kunne ba ko wa zai riƙe.

Bayan nan ne akace in muna so mu hau sama likitansu ya nuna mana hoton kafin rahoto ya fito. Dan Allah duk wadda taje kar ta tsallake wannan, nan ne kuɗinki yake.

Likitan dattijo ne mai sanyin magana, ya juyo da allon kwamfutar gabanmu, ya fara da ɓangaren dama mai lafiya dan mu san yanda abin ya kamata ya kasance. Ya nuna kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ɗan dunƙule mai santsi, yana zaune cikin wani ɗan rami a ƙashin ƙoƙon kai daidai gaban ramin kunne, shi yasa ciwon ke kama da na kunne. Tsakanin biyun akwai wani fili baƙi a hoton, yace ba fanko bane, ɗan faifan guringuntsi ne a wurin amma wannan hoton baya nuna shi. In za'a buɗe baki kaɗan dunƙulen juyawa yake a inda yake, in za'a wangale sai ya zame gaba ya hau wani ɗan tudun ƙashi, kuma tunda ƙashi ɗaya ne ya haɗa dama da hagu ba yanda za'ayi ɗaya ya motsa ɗaya na hutawa. Ya bi gefen dunƙulen da ɗan kibiyar kwamfuta yace ku kalli wannan farin layin siriri, ɓawon ƙashin kenan, a mai lafiya zagayewa yake ba yankewa.

Sai ya koma hagu. Wallahi ko ni da ba likita ba naga bambanci nan take, gani ya kori ji. Dunƙulen ba dunƙule bane kuma, samansa ya baje. Yace wa Umma, Hajiya kin san taɓaryar da aka daɗe ana daka da ita, yanda kanta ke daina zama mulmulalle ya baje har gefen ya ɗan tono waje? Tace ƙwarai kuwa. Yace to haka kan ƙashin nan ya zama. Ya nuna wani ɗan tsiro mai tsini a gaban dunƙulen, yace sabon ƙashi ne jiki ya ƙara a gefe dan ya faɗaɗa wurin da ke ɗaukar nauyi, kuma a wannan gaɓar yawanci ta gaba yake fitowa. Ya nuna inda farin layin nan ya yanke ya zama gatsa-gatsa, nan ne ƙashin ya zaizaye bayan guringuntsin da ke lulluɓe dashi ya cinye. A ƙarƙashin wurin kuma ƙashin ya fi na dama fari, yace ya ƙara tauri ne saboda nauyin da yake sha kai tsaye. Filin nan baƙi na tsakani shima ya matse idan aka kwatanta da na dama. Ya ƙara neman wani abu yana gaba yana baya da hoton, nace likita me kake nema, yace wasu ƙananan ramuka da kan fito a ƙarƙashin ɓawon ƙashi, a nata babu. Sannan ya jera biyun gefe da gefe muka ga na hagu ya ɗan fi gajarta, yace wannan da rashin zamewarsa gaba da kyau su suka sa haɓarta ke karkata can in ta buɗe baki. Sunan ciwon dai amosanin gaɓa irin na zaizayewa, wanda ke kama gwiwa da ƙugu da yatsu, shine ya kama muƙamuƙi.

Nace to na daman fa, naga shima samansa kamar ya ɗan kwanta. Amsar da ya bani ita ta sa na yarda da mutumin nan. Yace eh ya ɗan baje kaɗan, amma ɓawon bai yanke ba, ba tsiro, ba rami, kuma bajewa ita kaɗai bata isa a ce ciwo bane, tana iya zama shekaru ne ko kuma gaɓar ce ta daidaita kanta da aikin da take yi. Yace a ƙa'idar da masana ciwon muƙamuƙi na ƙasashe daban-daban suka fitar a 2014, kafin a ce hoto ya tabbatar da wannan ciwon sai an ga aƙalla ɗaya cikin huɗu, zaizayewar ɓawo, ko tsiron ƙashi, ko ramin ƙarƙashin ɓawo, ko taurin da ya game kan ƙashin. Wani da zai ce duka biyun sun lalace ya tsorata mu mu buɗe jaka, shi yace dama a barta ta huta.

Umma shiru tayi tana kallon allon, can tace likita to yanzu bakin nawa rufewa zai yi kenan? Naji tausayinta har cikin raina dan na san kwana nawa tayi tana wannan tunanin bata faɗa ba. Ya matso da kujerarsa yace Hajiya ki saurare ni da kyau, hoto da ciwo ba kullum suke tafiya tare ba. Akwai wanda hotonsa ya fi naki muni nesa kuma yana cin tsirensa ba abinda yake ji, akwai wanda ke kuka da ciwo hotonsa kuma tas. Ƙashin da ya baje bazai koma mulmulalle ba, wannan bazan miki ƙarya ba, amma wannan ciwon a muƙamuƙi yawanci yana da lokacin da yake tashi da zafi, daga baya ya lafa, bakin ƙashin ya sake yin santsi a sabuwar surarsa mutum ya cigaba da rayuwarsa, kuma mafi yawan masu shi ba'a kai su tiyata. Yace mu ba hoto muke yiwa magani ba, ke muke yiwa. Ni a ganina duk wurin hoton da bazai iya faɗa wa mara lafiya wannan ba bai gama aikinsa ba, dan mutum zai fita da takarda a hannu da fargaba a ciki, fargabar kuma ita ke sa a cije haƙora da dare ciwon ya ƙaru.

Ya yi mata wasu tambayoyi da ban zata ba daga likitan haƙori, ko yatsunta suna sandarewa da safe su daɗe basu saki ba, ko suna kumbura, ko ta taɓa faɗuwa ta bugi haɓa ko hatsarin mota, ko ance tana niƙa haƙora cikin barci, da tun yaushe ta rasa turamenta na ƙasa. Yace akwai wani amosanin daban wanda garkuwar jiki ce ke cin gaɓɓai, shima yana taɓa muƙamuƙi kuma sau da yawa duka ɓangare biyu, maganinsa daban ne, in da alamarsa sai an yi gwajin jini. Ya kuma ce in gaɓa biyun suka gajarce sosai haƙoran gaba kan daina haɗuwa, na ciki kawai ke taɓa juna, in muka ga haka mu dawo da wuri. Na tambaye shi MRI fa, tunda wata ƙawata ta dage sai mun yi. Yace MRI ne ke nuna faifan guringuntsin da ruwan da ke taruwa a gaɓa, ba kuma hasken eksire a cikinsa, amma a ganin ƙashi CBCT ya fi fito da shi, tunda bakin Umma baya maƙalewa ya ƙi buɗuwa, a yanzu ba buƙata, likitan da ya turo mu shi zai yanke. Su basu da MRI ɗin ma, kuma bai tura mu wajen wani abokinsa ba.

Muna zaune a ƙasa wani matashi ya shigo ba takardar likita, yace muƙamuƙinsa na ƙas in yana cin abinci yana so a masa hoton nan. An hau dashi sama, ba'a jima ba ya sauko yana gaya wa abokinsa wai ance tunda ba ciwo ba maƙalewa baya buƙatar hoto, ya rage cingam kawai. Kuɗi ne ya shigo har cikin gida suka barshi ya fita. A Abujan nan ba ko'ina zaka ga haka ba.

Inda suka ɓata rawarsu da tsalle shine sakamakon. Ranar da suka ce in dawo naje ba'a rubuta ba, ba kuma wanda ya kira ya sanar dani, daga Kubwa fa, ga kuɗin mai ga aikin da na bari. Na kira ana cewa gobe, sai da na ɗaga murya tukunna ya fito. Da ya fito kuma shafi ɗaya ne na Turancin likitoci zalla, irin kalmomin da in kika saka a Google barci ya ƙaurace miki, duk wannan bayanin mai kwantar da hankali da aka mana a sama babu ko layi ɗaya nashi a ciki. Na san rahoton dan likita aka rubuta ba dan ni ba, amma me zai hana a ƙara layi biyu cikin sauƙin harshe? Sannan hoton kansa a faifan CD suka bamu. A wannan zamanin wa ke da kwamfuta mai cin CD? Nace a saka min a filash akace sai na saya a wurinsu, na saya. Yarinyar teburin ma cewa tayi bari ta ɗauka da waya ta tura min ta WhatsApp ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya bane dan Allah kar ku yarda, hoton WhatsApp guda biyu ko uku ne kuma a matse, likita yana buƙatar ainihin fayil ɗin gaba ɗaya, wanda suke kira DICOM, da manhajar buɗe shi, dan ya juya ƙashin da kansa ya yanka ta inda yake so. Likitanmu da muka koma sai da ya buɗe filash ɗin ya duba da idonsa kafin ma ya karanta takardar.

Masu tambaya ya jikin nata, Alhamdulillah da sauƙi sosai. Ba allura ba tiyata. An ce ta huta da abu mai tauri, goro, ganda, kilishi, rake, aya, gasasshiyar masara, duk an ajiye, ta koma tuwo mai laushi da miyar kuka, faten wake, alale, kunu, kifi, nama kuma sai an dafa shi ya yi lugub an yayyanka ƙanana. Gashi da tawul mai ɗumi safe da dare, wani motsa muƙamuƙi da aka koya mata na ɗora harshe a ganɗa tana buɗewa a hankali, da robar haƙori da aka auna mata take sawa in zata kwanta. Maganin kashe zafi an bata na ɗan lokaci kaɗan ne kuma sai da aka tambayi olsa da hawan jini da ƙoda, anan nake roƙon masu saya wa iyayensu diclofenac da ibuprofen a kemis suna basu wata da watanni, ku ji tsoron Allah ku daina, yana cin ciki yana taɓa ƙoda musamman ga tsofaffi. Haka masu cewa a kai wa mai ɗori ya ja ya mayar, ba gocewa tayi ba balle a mayar, ja da ƙarfi ƙara mata rauni zai yi. Likita yace in ciwon yaƙi lafawa akwai wankin gaɓa da ake yi da allura kafin a fara zancen wuƙa, bamu kai can ba kuma muna fatan kar mu kai. Ƙarar garas-garas ɗin tana nan bata tafi ba, an dai ce mana ba lallai ta tafi ba, amma tana hamma yanzu ba tare da ta riƙe haɓa ba. Goron ne har yau take cigiya, mukan daka mata kaɗan ta tsotsa.

Wadda bata da likitan da zai fara dubata, Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada duk suna da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, a fara da can a samu takarda kafin a nemi wurin hoto. Shi wannan wurin na Wuse 2 in an sake rubuta mana hoto zan koma, saboda saurayin ɗakin hoto da dattijon likitan nan, amma da filash ɗina a jaka zan je kuma sai an rubuta min ranar sakamako a kan rasit. In zaku je da tsohuwa ku kwance mata ɗan kunne tun a gida, ku tafi da tsohon OPG in akwai, mace ta raka ta. Ku kuma kira tukunna ku tabbatar likitan da ke bayanin yana nan ranar, dan ba kullum yake zama ba, ranar da baya nan hoton kawai za'a ɗauka a ce ku dawo.